Sallah Ta Dawo Rani, Ba Ta Tarar da Mafarauta Ba

Watan Sallah ba ya zama wuri ɗaya. Kowace shekara yana matsowa da kwana 10 ko 11, ya ratsa hunturu, ya bi ta kaka, ya kutsa damina, ya sha zafin bazara, sai bayan kimanin shekara 33 ya dawo inda ya taso. Daga 1995 zuwa 2000 Ƙaramar Sallah tsakanin Maris da Janairu ta riƙa faɗowa, lokacin da gonaki suke fayau, an kwashe kara an kai gida, ciyawa ta bushe. A ƙarshen Maris na 2025 ta sake leƙo wannan lokaci. Ƙura ita ce dai ƙurar, iska ita ce iskar. Amma kashegarin Sallah ta zo ta wuce, rana ta uku ta bi bayanta, ba a busa ƙahon farauta a unguwarmu ta Jibiya ba. Ban kuma ji wanda ya tambayi dalili ba.

Sai a lokacin na lura har karnukan sun tafi. A da gidan da yake da samari ba ya rasa su a bayan danga, dogaye, sirara, masu yankakken kunne, kowane da sunansa na habaici. Namu Bar-su ake ce masa, kuma duk unguwa ta san da wa ake.

Danginmu rabi suna wannan gefen iyaka, rabi suna ƙauyukan Ɗan Isa da Madarunfa a Nijar. Wannan ba abin faɗa ba ne a Jibiya, kusan kowane gida haka yake. Bayan jihadi sarakunan Haɓe na Katsina arewa suka yi suka kafa Maraɗi, har yau ma Sarkin Katsinan Maraɗi ake ce wa mai sarautar can. Turawan Ingila da na Faransa sun bi dajin suna kafa turakun iyaka tsakanin 1906 da 1908, suka raba gona da rijiya, suka raba wa da ƙane, amma ba su raba aure da suna da zaman makoki ba. Kwastan da sandar da ake ɗagawa suna Magama, a kan kwalta. Mai tafiya a ƙasa ta cikin daji bai san da su ba.

To idan Sallah ta faɗo rani, Kawu yakan zo daga can gefen da 'ya'yansa da karnukansa, a yi yawon Sallah, a ci tuwo, rana ta uku kuma a fita farauta. Ba irin babbar gayyar nan ba ce da ake neman izinin Sarkin Dawa, gari da gari su haɗu, ana kaɗa gangi, 'yan tauri suna kirari suna goga wuƙa a ciki. Tamu ta gida ce, ta yini ɗaya: iyaye maza, yayye, mu ƙanana, sai maƙwabcin da ya ji ƙaho ya ɗauko gorarsa. Ana sallame Asuba ake fita, sanyi yana cizon kunne. A aljihu akwai ragowar cincin da dubulan na Sallah, a kafaɗa goran ruwa, Inna kuma ta ƙulla fura a tsumma tana faɗa: "Yaya, ka dawo mini da yaron nan da ƙafafunsa biyu." Kawu ya ce, "In ya dawo da ɗaya ma ai kin rage kuɗin takalmi."

Da an bar gonakin bakin gari sai a bazu a yi sahu, manya a gefe da gefe, yara a tsakiya, ana bugun sabara da geza da sanda. Tafiya ce mai tsawo wadda babu komai a cikinta sai ƙarar busasshen ganye da hakin karnuka. Har ka fara tunanin gida. Sai kawai wani abu ja-ja ya fashe daga gindin kalgon da ka wuce yanzun nan, kunnuwa a kwance, ka ji an ɗauki ihu: "Ga shi nan! Tare gabas!" Zomo ba ya gudu a miƙe. Yana bari kare ya kusa kai baki sai ya karya kwana, karen ya zarce yana tirjiya a rairayi, na bayansa ya yanke masa hanya. Gora tana tashi sama tana juyi, wata ta sauka a ƙasa, wata a ƙaurin ɗan'uwa. Mu kuwa muna bi a baya, ba mu ganin ƙaya, ba mu ganin rami, sai an tsaya ka tarar wandon Sallarka ya zama na ƙarangiya tun daga idon sawu har gwiwa. Da Bahaushe ya ce kowa ya ci zomo ya ci gudu, lissafi ya yi, ba azanci ba.

A irin wannan kora ne wata rana Kawu ya tsaya yana haki, ya nuna wata tsamiya da haɓa ya ce, "Kun san tun can muke cikin Faransa?" Dattawa har lokacin haka suke kiran ƙasar Nijar. Muka duba ƙasa, muka duba sama, ba mu ga abin da ya sake ba.

Naman ba wani abin a zo a gani ba ne. Zomo, gafiya, kurege, fakara, in an yi sa'a zabuwar daji ko damo. Sau da yawa gayya guda ta dawo da abin da bai cika tukunya ɗaya ba. Abin da ake dawowa da shi mai yawa a kai yake. A dajin nan aka nuna mana bambancin sawun dila da na kare. Aka ce ramin da gizo-gizo ya yi saƙa a bakinsa babu kowa a ciki, kar ka ɓata ƙarfinka. Wanda bakinsa ya yi sumul kuma babu sabuwar ƙasa, kar ka kuskura ka zura hannu, don ba gafiya kaɗai ke son rami ba. Muka san inda kanya take nuna da wuri, inda magarya ta fi zaƙi, yadda ake ɓare bawon kalgo a yi igiya, da wurin da za ka tona a busasshen gulbi ruwa ya tsattsafo. Idan gardama ta tashi kan wanda ya fara jifa, babba ne ke yanke hukunci, magana ɗaya, kuma yaron da aka hana ya haɗiye. Da yamma a yi babbaka a ƙofar gida, ƙaurin gashi ya cika unguwa, kowane yaro yana ba da labarin yadda saura ƙiris shi ne ya kashe.

Duk da haka ba zan shafa wa abin zuma ba. 'Yan'uwanmu mata ba su taɓa ganin wannan daji ba sai in itace ya kai su; nasu shi ne daka yaji da jiran tukunya. Manyan gayya kuwa sau nawa aka dawo da mutum a kafaɗa, ba don wata dabba ta taɓa shi ba, don an yi rigima a kan zomo ɗaya an fasa masa kai. Tsohuwar gaba ta gari da gari a dajin ake biyanta. Ana cinna wa ciyawa wuta don a tashi gafiya, wutar ta cinye abincin shanun makiyayi, wani lokaci ta lashe kayan lambun wani bawan Allah. Kuma babu wanda ya taɓa cewa a bar mai ciki, ko a ƙyale wani yanki ya huta shekara guda. Kakanmu yana ba da labarin barewa da gada a inda mu muka tarar da gonar gero, da giwayen da ke zuwa dajin Babban Rafi ta wajen Madarunfa. Mahaifinmu ya ga barewa. Mu zomo muka gani. Farin 1973 da na 1984 sun yi nasu, gatari da motocin itace sun yi nasu, yawan baki ya tura gona har gindin dutse. Mu ma da gorarmu mun yi namu. Tun kafin wani ya ƙwace mana dajin mun riga mun cinye rabinsa.

Wani canjin ma alheri ne. Da aka gama dam ɗin Jibiya a kan kogin Gada a 1989, rani ya daina zama lokacin zaman banza ga mutane da yawa. Wanda yake da albasa da tumatir da alkama da zai ba ruwa, ko koma da zai jefa, ba shi da yinin da zai ɓatar a bin kurege. Makaranta ta ɗauke wasu, acaba da fito suka ɗauke saura.

Amma wanda ya rufe ƙofar gaba ɗaya kowa ya san shi. Dajin da ya haɗe da Rugu ta kudu, ya miƙa Zamfara ta yamma, ya zama gidan masu bindiga. Aka fara da satar shanu, aka koma satar mutane. A ƙarshen Agusta 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure, ya hana cinikin dabbobi a kasuwanni da dama har da tamu, ya hana motoci ɗauko itace daga daji. A Satumba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, muna ciki; masu layin Nijar suka zama 'yan gata, ana bin su ana roƙon minti ɗaya. A Maris 2022 mutanen Shimfiɗa suka kwararo cikin gari a ƙasa, mata da goyo da tsofaffi, bayan an janye sojojin da ke garinsu. Wanda ya ga wannan rana ba zai sake yi wa yaro maganar fita daji don nishaɗi ba.

Mafarautan ba su ɓace ba, aiki ne ya sake musu. Wanda ya san kowane kwazazzabo da kowace mashaya shi aka fara nema da aka tashi kafa 'yan banga, wasu kuma suka shiga dakarun tsaron al'umma da Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar a Oktoba 2023. Ilmin bin sawu yana nan, sawun ne ya zama na babur. Da yawa daga cikinsu sun kwanta dama a haka. Masu neman nama da gaske kuwa sai dai su yi nisa, su yi kudu. Ana saura 'yan kwanaki Sallar 2025 aka tare wata babbar mota a Uromi ta Jihar Edo, aka kashe mafarauta 16, akasarinsu 'yan Jihar Kano, suna hanyar komawa gida yin Sallah. Bindigogin toka da aka gani a hannunsu su aka riƙa a matsayin hujja. Kayan da a da in an gani ake cewa sannu da dawowa, yau in an gani sai a tara jama'a.

Ƙafa kuwa ba ta yarda ta zauna ba. Yanzu in ka fito bayan Asuba a kan titin da ya nufi Magama, ko wanda ya nufi Katsina, za ka ga masu gudu. Da ma'aikatan ɗamara aka fara gani, a jere, suna waƙoƙinsu na atisaye. Sai samarin da ke shirin neman aikin soja ko ɗan sanda suka bi, sai 'yan ƙwallo, sai kuma waɗanda ban taɓa zato ba: malamin makaranta mai furfura, ɗan kasuwa mai tumbi, kowa da kambas ɗinsa na gwanjo, wani da waya a hannu tana ƙirga masa taku. Likita ya ce suga, likita ya ce hawan jini, a rage tuwon dare a riƙa motsa jiki.

A tarbiyyar da muka taso, babba ba ya gudu. Gudu na yaro ne, da ɓarawo, da wanda hankalinsa ya taɓu. Dattijo ko ruwan sama ya kama shi sai dai ya ɗaga ƙafa kaɗan, ya shiga zaure da mutuncinsa. Farauta ce kaɗai inda mai gemu zai zura da gudu ba a yi masa dariya ba, don akwai abin da yake bi. Shi ya sa har yau wasu tsofaffi in sun ga mai motsa jiki sai su girgiza kai: ba ka bin kowa, ba mai bin ka, ka ƙona abincin da ka ci a banza, ka dawo hannu rabbana.

A garin da ya sha harbi kuma abin yana da wata fuska. Wani abokina malamin firamare ya ba ni labarin farkon fitarsa. Ya ratso ta wani lungu da sauran duhu, yana haki, sai wata tsohuwa da ke hura wutar koko ta miƙe zumbur, ludayi a hannu. "Ɗan nan, lafiya? Sun shigo ne?" Kafin ya tattaro numfashin da zai ba ta amsa, maƙwabciyarta ta riga ta suri yaro ta yi cikin gida, wani ya turo ƙyaure ya sa sakata. Ya tsaya yana rantsuwa: "Wallahi Iya lafiya lau, likita ne ya sa ni." Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "To ka gaya wa likitan nan garin ba a gudu sai da dalili. In ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba, mu kuwa ya zo mana." Tun daga ranar sai gari ya waye sosai yake fita, kuma a bakin titi, inda kowa zai ga kayan da ke jikinsa.

Ni ina ganin wannan sabon abu ya fi abin da masu raina shi suke zato. Ba a fasa kan kowa a cikinsa, ba a ƙona ciyawar kowa. Matan da farauta ba ta taɓa gayyata ba yanzu suna fita tattaki bibbiyu da hijabansu, musamman a Katsina wajen filin wasa na Muhammadu Dikko, kuma sama ba ta faɗo ba. Shinkafa da taliya da lemon kwalba da zaman babur sun kawo mana cututtukan da kakanninmu ba su sani ba sosai, dole a nemi inda za a zubar da su. Inda ya gaza shi ne, mai gudu a kwalta ba ya koyon komai game da ƙasar da yake takawa. Yaron yayana yana iya zuwa Magama ya dawo bai tsaya ba, abin da ni ban taɓa iyawa ba, amma da na nuna masa geza na ce mene ne wannan, sai ya ce ciyawa. Ba laifinsa ba ne, ba a taɓa kai shi inda zai tambaya ba. Kuma gudu ne na mutum ɗaya. Babu kawun da zai tsaya ya nuna maka tsamiya.

Ita kanta Sallar bakin iyaka ba ta taɓa rasa abin dariya ba. Babba a ciki shi ne wata. Yamai ta ce an gani, Sakkwato ta ce a cika talatin, sai gari ɗaya ya kwana da Sallah biyu. Ko a 2020 Nijar ranar Asabar 23 ga Mayu ta yi Idi, Najeriya sai Lahadi. A shekarun da nake magana, Kawu ya taɓa iso mana da hantsi cikin sabuwar shadda, bakinsa ja da goro, 'ya'yansa suna ta barka da Sallah, ya tarar da mu leɓe a bushe. Inna ta rasa yadda za ta yi: ta ba baƙo abinci a gidan masu azumi, ko ta bar yayanta da yunwa ranar Sallarsa? Aka kai su ɗakin baya aka rufe ƙofa, mu muna jin ƙarar cokali muna haɗiyar yawu. Kashegari ya bi mu Idi ya tsaya daga gefe, ya ci tuwon Sallah karo na biyu, ya ce shi bai ga aibin wannan saɓani ba.

Ga tela da ke ɓuya daren Sallah, ga wutar da ke ɗaukewa riga tana kan keke, ga wanda ya ci bashi ya yi ɗinki, Sallah ta wuce ta bar wawa da bashi. Amma wanda ake maimaitawa a gidanmu shi ne ragon Layya. Baba ya saye shi a wajen wani mutumin ƙauyen su Kawu, aka jawo shi ta daji don a kauce wa 'yan duwan da kwastan, aka ɗaure a turke, muka wanke shi har da sabulu. Daren jajibiri ya tsinke igiya. Gari ya waye ana kabbara, mu muna bin sawu, ilmin farauta ya yi rana. Sawun bai karkace ko'ina ba, ya miƙe arewa ɗoɗar. A garken tsohon mai shi aka same shi yana tuƙa. Mutumin ya ce ai ya san za a zo, har ya ba shi dusa. Sai rana ta biyu aka yi yanka, a gidan Kawu, aka banƙare shi a kan itace aka jingina a gefen wuta irin na mutanen can, ya yini yana naso. Ban sake cin naman Layya mai daɗinsa ba, wataƙila saboda tafiyar da aka sha.

Tangarɗar Sallar yanzu ba a cika ba da labarinta ana dariya ba. A Agusta 2019 gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa. Da aka buɗe wasu a Disamba 2020 ba a sa Jibiya ba, sai Afrilu 2022. Aka hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, garin da ke rayuwa da zirga-zirga ya koma sayen mai a galan. Ba a gama farfaɗowa ba sojoji suka kifar da Shugaban Nijar Mohamed Bazoum a 26 ga Yuli 2023, aka sake rufewa har Maris 2024. A tsakanin nan mai zuwa gaida uwarsa da ɗan buhun shinkafa sai ya zama abin tuhuma. Hanyar daji da rago ya bi shi kaɗai cikin dare ba ta biyuwa, ta kwalta kuma shinge ne bayan shinge. Naira da a da mutanen can ke rububi ta faɗi a gaban sefa, har ya zama jikan Kawu ne ke ba namu yara barka da Sallah mai auki. Akwai Sallar da aka dafa da su ba su iso ba, akwai wadda aka yi ana haɗa kuɗin fansar wani.

Sulhun da aka yi a yankin Jibiya a farkon 2025 ya sa an ɗan numfasa, kasuwar Lahadi ta fara cika, manoma sun koma wasu gonakin. Kowa yana murna da rabin baki, don an taɓa yin irinsa a jihar ya warware.

Kawu ya tsufa, gwiwa ta hana shi hawa babur. Yanzu ta WhatsApp muke gaisawa, jikarsa ce ke danna masa ya yi magana, kuma kullum sai ya ƙare da cewa barka da Sallah ta waya ba ta da tuwo. Kwanan baya na ce masa aikin layin dogon nan da aka ƙaddamar a Fabrairu 2021, daga Kano ta Katsina da Jibiya zuwa Maraɗi, yana tafiya, in Allah ya sa an gama sai ya hau jirgi ya zo ya yi Sallah da mu a zaune.

Ya yi shiru, sannan ya ce, "To ka tambayo mini, ana shiga da rago?"